Hawan igiyar ruwa a Busua cikin Yuli da Agusta: in je ko in jira Disamba?

Sadiq_Tkd:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka san teku nake nema. Aiki ya kawo ni Takoradi a Ghana, hutuna kuma zai faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Na jima ina sha'awar koyon hawan igiyar ruwa, ga Busua, wani gari a bakin teku, nan kusa da mu, in ka bi ta Agona Nkwanta tafiyar ba ta da nisa. Abin da ya ɗaure min kai, mutum biyu na tambaya, kowa da tasa. Wani abokin aikina ɗan Fotugal ya ce a watannin nan barci teku yake yi, in jira Disamba. Direban da ke kai mu wurin aiki kuwa, ɗan ƙasa ne, ya ce a Agusta haukacewa teku yake yi, ko masunta sai sun yi da gaske. To wa zan bi? Akwai igiyar da sabon shiga zai iya hawa a lokacin, ko kuɗin mota kawai zan ƙona?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Kai Sadiq, ruwan Tiga ma ba mu gama da shi ba, kai har ka kai Atlantika. Allah ya tsare.

MalamNaZariya:
Sadiq, duk su biyun gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa labarin tekun garinsu yake bayarwa. Igiyar da ake hawa ba iskar bakin gaɓa ce ke yin ta ba. Guguwa ce can tsakiyar teku, dubban kilomita daga inda kake, take tayar da ruwa, ruwan ya yi ta tafiya har ya iso. Fotugal da Maroko daga arewacin Atlantika suke samun tasu, can kuma guguwar sai lokacin sanyinsu, wajen Oktoba zuwa Maris. Shi ya sa Baturenka ya ce Disamba.

Gabar Ghana kuwa kudu take kallo. Tamu igiyar daga kudancin Atlantika take zuwa, tsakanin Afirka ta Kudu da Ajantina, ƙasa da layin digiri 40 kudu da ikwaita, inda iskar yamma ba ta hutawa. Can sanyinsu Yuni, Yuli, Agusta ne. Ka ga ke nan lokacin hutunka shi ne ganiyar igiya a Busua da Legas da Robertsport ta Laberiya. Direbanka ya fi kusa da gaskiyar inda kake.

Bash_Agadir:
Malam ya faɗi daidai game da nan. Karatu nake a Agadir, Taghazout na nan arewa da mu kaɗan. A Yuli ruwan ba ya taɓuka komai, 'yan koyo ne da masu wanka kawai. Manyan mahaya sai sanyi ya shigo suke cika garin.

Dan_Nima:
Yaya Sadiq, ni a Kokrobite kusa da Accra nake shiga, Busua ma ina zuwa. Igiya kam akwai ta a Agusta, har ta yi maka yawa. Abin da Malam bai taɓo ba shi ne iska. A watannin nan iskar kudu maso yamma ce ke kaɗawa daga teku zuwa tudu, kuma lokacin ne ta fi ƙarfi a shekara. In iska ta biyo igiya ta baya, tura ta take yi ta rushe tun ba ta miƙe ba. Maimakon ka ga bango mai santsi yana ɓarewa daga gefe guda a hankali, sai ka ga ruwa ya dagule, kumfa ko'ina, nan ta fashe can ta fashe.

Dabarar ita ce sammako. Ka yi asuba, gari na wayewa ka shiga. Da dare ƙasa ta huce, iskar takan lafa, wani lokaci ma ɗan iska ya fito daga tudu. Daga ƙarfe 10 zuwa 11 rana ta fara gasa ƙasa, iskar teku ta taso, shi ke nan an tashi wasa. Wanda ya zo bayan azahar ya ce Busua ba ta da igiya mai kyau, shi ya so.

MalamNaZariya:
Haka ne Dan_Nima. Iskar nan da kake kuka da ita, ita ce dai iskar damina. Ita ke ɗauko danshin teku ta kai Kano da Maraɗi da Damagaram a yi marka a Agusta. Manomi na addu'ar ta ƙaru, kai kana addu'ar ta lafa.

Damagaram227:
To Malam, mu dai ku bar mana iskarmu. Hatsi ya fi wasan ruwa. 😂

BabanHanifa:
Ni ban yarda a ce wa yaron nan ya fara a Agusta ba. Shekaruna da yawa ina aikin jirgin fito a Legas, ina kai mutane Tarkwa Bay ina dawo da su, na ga abin da ruwan damina yake yi wa baƙo. Sadiq ɗana, in koyo kake so, ka jira hunturu. Disamba da Janairu iskar arewa maso gabas takan sauko har bakin teku. Daga tudu take fitowa, ta tari igiya ta gaba, ta riƙe ta ta tsaya cak kafin ta karye. Igiyar ƙarama ce, gaskiya, wata rana iyakarta gwiwa ko ƙugu, amma shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan da ɗumi, ba ja. Mai koyo me zai yi da igiyar da ta fi shi tsawo?

Dan_Nima:
Baba, da girmanka, amma mai koyo ai ba bangon igiya yake hawa ba. Kumfa yake hawa, wato bayan igiya ta riga ta karye tana gangarowa gaɓa, a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Kumfar nan kuwa ba ruwanta da inda iska ta fito. A Agusta kumfa ba ta yankewa, kana faɗuwa wata na zuwa. A Janairu akwai ranakun da za ka zauna kan allo kana kallon hazo, ba abin da zai tura ka.

Sannan hunturun da ke isowa gaɓa ba irin na Kano ba ne da zai yi wata uku. Ya zo 'yan makonni, ya ɗauke, ya dawo. Ba za ka iya ɗaura hutunka a kansa ba.

BabanHanifa:
Kumfa ba ta yankewa, ja ma ba ya yankewa. Wannan fa?

Sadiq_Tkd:
Baba wane irin ja? Ku yi min bayani, ni iyona na wurin wanka ne na otal.

BabanHanifa:
Yauwa, ka ji abin da nake gudu. Duk ruwan da igiya ta kwaso ta zuba a gaɓa, dole ya nemi hanyar komawa. Sai ya haƙa kwari cikin rairayi ya riƙa fita ta nan da gudu. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne, wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: igiya ba ta karyewa a nan, ruwan ya ɗan yi duhu, ya kwanta. Sai mutum ya ce bari in shiga ta nan tunda ba hayaniya. In ka lura da kyau za ka ga kumfa da leda da ciyayi suna tafiya ciki maimakon su fito. Girman igiya, ƙarfin jan.

In ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi. Ba ƙasa yake jan mutum ba, ciki yake kai shi, kuma ba shi da faɗi sosai. Ka yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa, sannan igiya ta maido ka. In da allo a hannunka kada ka sake shi ko da wasa. Ka ɗaga hannu a gan ka.

Ɗan_Fagge:
Mu dai a da cewa ake yi mutanen ruwa ne ke ja. Yanzu an ce kwari ne. To.

Hajiya_Sekondi:
Ɗan_Fagge, ko mene ne ke ja, wanda ya tafi ya tafi. Sadiq, ni sana'ata kifi, a zangon Sekondi aka haife ni, bari in faɗa maka abin da masu allo ba za su faɗa ba. Na ɗaya, ruwan Agusta sanyi gare shi. Kada ka ga kana Ghana ka ɗauka ɗumi ne kullum. Lokacin ne ruwan ƙasa ke tasowa sama, shi ke kawo mana ƙananan kifin nan da muke banda, kasuwa ta buɗe. Na biyu, ka kula da masu jan taru. Igiyar tarunsu doguwa ce, daga gaɓa har can ciki, wani lokaci ba ka ganinta sai ta sarƙe ka. In ka ga maza sun yi layi a rairayi suna ja suna waƙa, matsa can nesa. Su abincinsu suke nema, kai wasa ka zo. Kwalekwale ma in zai shigo da kaya ba ya iya tsayawa don kai. Ranar Talata a yawancin garuruwan nan ba a fita su, ranar ce ruwan ya fi zama naka.

MalamNaZariya:
Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan gaɓar Ghana da Kodebuwa yakan sauko wajen digiri 22, alhali a Maris da Afrilu yana kai 28 ko 29. Ga gajimare ya rufe rana, ga iska. Awa guda a ciki mutum siriri zai fara kaɗuwar haƙora.

Dan_Nima:
Riga mai ɗan kauri ta roba ta wadatar, ba sai irin ta Turawa mai rufe har idon sawu ba. Ko da sanyi ko babu ma ka sa riga, don allo na goge ƙirji da ciki, gishiri ya shiga wurin, daren nan ba barci.

UmmuAiman:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Mata na yi kuwa? 'Yata ta gani a gasar Olamfik ta 2024, ɓangaren hawan igiyar da aka yi a Tahiti, tun daga nan ba ta bar ni na huta ba. Matsalata sutura.

Dan_Nima:
Suna yi Hajiya, a Busua ma akwai 'yan matan garin da ke hawa. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka har kai. Abin da ba a so shi ne zani ko hijabi mai yalwa, in ya sha ruwa nauyi yake yi ya naɗe ƙafa. Amma igiyar Tahiti da ta gani kada ta sa ran irinta, waccan kan murjani take karyewa, ta ƙwararru ce.

Hajiya_Sekondi:
UmmuAiman, in za ki kawo ta ki zo da kanki ki zauna a gaɓa, ido a kanta. Kuma ba Agusta ba.

Sadiq_Tkd:
Na gode ƙwarai. Na sauke Windy a waya, na kuma duba Surfline, masu hasashen iska da igiya, amma lambobin sun rikita ni. Na ga an rubuta mita 1.4, sakan 14, wata ranar kuma mita 1.6, sakan 7. Ai ta biyun ta fi, ko?

MalamNaZariya:
A'a, ta farkon ta fi nesa ba kusa ba. Sakan ɗin nan shi ne tazarar lokaci tsakanin igiya da mai bi mata. Mai sakan 7 iskar kusa ce ta yi ta, gajeruwa ce, tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa wajen mita 75, suna zuwa a cunkushe suna hawa kan juna. Mai sakan 14 kuwa tsawonta a zurfin teku ya kai mita 300. Ita ce wadda ta taso daga kudu mai nisa. Tana cin wajen kilomita 900 a yini, daga inda aka haife ta zuwa Ghana kuma kamar kilomita 5,000 ne ko fiye, wato kwana biyar zuwa shida tana hanya. A tafiyar nan ne take tsefewa, gajerun su mutu ko su tsaya a baya, dogayen su iso a jere, uku, huɗu, biyar, sannan a yi shiru kafin wani jerin.

Kuma kada lambar tsawo ta yaudare ka. Doguwar igiya tana motsa ruwa har can ƙasa, in ta taka tudun rairayi sai ta miƙe ta fi abin da aka rubuta. Mita 1.4 a sakan 14 tana iya fin ka tsawo a bakin gaɓa.

Iska kuma ka duba abu biyu, ƙarfinta da inda ta fito. In an rubuta da not ne, not 1 kusan kilomita 1.85 ne a awa.

Dan_Nima:
In sauƙaƙa maka: iska ƙasa da not 6 ko 7, ka tafi. Ta haura 12 daga kudu maso yamma, ka sha shayinka. Kai da kake sabo, ranar da ka ga sakan 15 ko 16, kallo za ka je yi, ba shiga ba. Kuma manhajar hasashe take yi daga nesa, ba ta san tudun rairayin Busua ba. Yaran da ke ba da hayar allo sun fi ta sani, ka tambaye su.

Damagaram227:
Tambaya daga wanda bai taɓa ganin teku ba. An ce wata ne ke jan ruwa ya cika ya janye. To igiyar ma wata ne ke kawo ta?

MalamNaZariya:
Abu biyu ne daban. Igiya ta iska ce. Cika da janyewa kuwa na wata ne da rana. A gaɓarmu ruwa na cika sau biyu a yini, kullum kuma lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50. Ya fi cika ya fi janyewa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata, don haka mai lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin jadawalin. A Ghana bambancin ba shi da yawa, wajen mita 1 zuwa 1.5 ne, amma ya isa ya canza yadda igiya ke karyewa. In ruwa ya janye sosai takan rufe gaba ɗaya lokaci guda ta maka mutum da rairayi.

BabanHanifa:
Shi ya sa Tarkwa Bay ta fi min kwanciyar hankali. Tana tsakanin katangun duwatsun da aka fara ginawa a 1908 don kare mashigar jiragen Legas. Katangar na rage iska, igiya kuma in ta daki duwatsun sai ta dawo ta haɗu da mai zuwa, su tashi tare. Yaran wurin a nan suka koya, ƙanana da su. Amma ka tsallaka bayan katangar zuwa gaɓar Lighthouse, wani teku ne daban, ba a kai baƙo can a damina.

Legas_Boy_Agege:
Baba katangun nan ai su suka cinye Bar Beach. Rairayi daga yamma yake tafiya gabas, katanga ta tare shi ya taru a Lighthouse, ɓangaren Victoria Island ya rasa, teku ya yi ta cin gaɓa har ya riƙa hawowa titin Ahmadu Bello. Yanzu wurin Eko Atlantic ne, sabon birnin da aka cike teku don a gina. Mu da muka yi yawon sallah a Bar Beach sai labari.

BabanHanifa:
Haka ne. Gyaran wani ɓarnar wani.

Admin_Rabi:
Jama'a a dawo kan tambayar Sadiq. Maganar Eko Atlantic a buɗe mata nata zaren.

Kofi_Musa:
Ni a Dixcove nake, Busua da ƙafa nake zuwa. Na karanta duka. Baba da Dan_Nima kowa na jan nasa, ni kuma in ka tambaye ni, ba Agusta ba Disamba. Oktoba da Nuwamba, ko kuma Afrilu. Lokacin igiyar kudu ba ta ƙare ba ko ta fara dawowa, iskar damina ba ta da ƙarfi, ruwa ya yi ɗumi. Safiya takan yi tsawo, wani lokaci har sha biyu ruwa lumui.

Amma tunda hutunka ba a hannunka yake ba, Agusta ba laifi a Busua musamman. Bakin tekun a lanƙwashe yake, ƙasansa rairayi ne mai gangara a hankali, ga ɗan tsibiri a gaba. Ya fi yawancin gaɓar Ghana sauƙi. Kuma Agusta ta fi Yuni, don ruwan sama mai yawa a nan Mayu da Yuni ne, Agusta sai gajimare da yayyafi. In an kwana ana ruwa kada ka shiga washegari kusa da bakin rafi, duk dattin gari nan yake fitowa, ruwan ya koma ja. Sai kuma ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ta fara zuwa mana tun 2011, wata shekara ta rufe gaɓa, ga wari, ga sarƙe ƙafa. Ba ta da tsayayyen lokaci, ka kira ka tambaya kafin ka taso.

Abu ɗaya: za ka ji ana zancen Black Mamba, wata igiya da ke tsakanin Busua da nan. Kan duwatsu take karyewa, ga bushiyar teku a maƙale. Kada wani ya zuga ka.

Dan_Nima:
Kofi_Musa, Oktoba kam ba musu. Amma mutumin da zai yi mako biyu yana kumfa, me Oktoba za ta ƙara masa?

Kofi_Musa:
Za ta ƙara masa cewa a mako na biyu zai iya fita bayan kumfa ya gwada igiya ta gaske. A Agusta hanyar fita ma kokawa ce, kafin ya wuce layin kumfa hannunsa ya mutu.

Hajiya_Sekondi:
Ni har yanzu maganar iyon otal ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Sadiq, za ka iya yin minti goma a ruwan da ƙafarka ba ta taɓa ƙasa?

Sadiq_Tkd:
Hajiya zan iya, amma a ruwan da ba ya motsi. Abin da nake tunani yanzu, in je a Agusta in ɗauki mai koyarwa, safiya kawai, iya ƙugu, in ya ce yau ba shiga in zauna. In na ji daɗi in riƙa komawa ranakun Asabar a Oktoba. Baba ka yarda da wannan?

BabanHanifa:
Ban yarda ba, amma na san ba za ka fasa ba. Mai koyarwar ya kasance a cikin ruwa tare da kai, ba a gaɓa yana danna waya ba. Kuma ka duba igiyar da ake ɗaure allo a ƙafa da ita, ka ja ta da ƙarfi kafin ka biya kuɗin haya. Da yawa rana ta cinye su.

Ɗan_Fagge:
A turo mana hoton faɗuwar farko, ba na tsayuwa ba.

Dan_Nima:
Yaya Sadiq, allo babba mai laushi za ka karɓa, ƙafa 8 ko 9, kada ka yarda da ƙaramin nan mai tsini don ya fi kyau a hoto. Kofi_Musa, makon farko na Agusta ruwa da safe cika yake ko janyewa? Ban duba jadawalin Takoradi ba tukuna.